Ƙarfe Bakwai a Kan Bene

Daga Umma

Auta! Ke Auta! Wai kina duniyar nan kuwa?

Assalamu alaikum. Ina kwana, ko ina wuni zan ce, tunda kin ce in muna karyawa a nan ku can rana ta take. Ya aiki, ya sanyin garin naku? Ni lafiya lau, sai gwiwar nan ta hagu da ba ta shiri da matattakala. Maganin hawan jini ina sha, kar ki tambaya. Ki yi haƙuri da rubutun, da yatsa ɗaya nake dannawa, wayar kuma sai ta riƙa canza min magana kamar ta fi ni sanin abin da ke bakina.

Yau kwana goma sha tara rabona da saƙonki. Na ƙirga. Ban ce komai ba, na ce yarinya aiki ya yi mata yawa. Ashe ba yawa ya yi ba, zaɓe ake yi.

Shekaranjiya na je kanti sayen sabulu, sai ga Gwaggonki ta shigo rungume da wani allo mai kamar tire. Mai kanti ya ce, "Mama, wannan fa?" Ta wani gyara gilashi ta ce, "'Yata ce ta aiko min daga wajen aikinsu. Gwajin sabuwar na'urar hasashen yanayi ta jiragen sama muke yi. Kullum ƙarfe bakwai na safe muna magana, ina ganinta tana ganina." 'Yata! A gabana fa, Auta, ina riƙe da sabulu. Ni da na yi kwana biyu ina naƙudarki, ita tana can filin jirgi tana leƙen gajimare, sai da aka yi miki wanka ta iso, abin da ta fara cewa wai hancinki na gidansu ne.

Sai ta juyo ta ce, "Amarya, ai ta gaya miki ko?" Shekara talatin da biyar da na auri ƙanenta, shi ma yau shekararsa shida a ƙasa, amma har gobe ni Amarya ce. Na ce, "Ta gaya min mana." Kin ga kin sa na yi ƙarya a gaban mai kanti.

Ni ban hana ki zumunci da 'yar'uwar babanki ba. Na san ita ta kai ki ofishinsu kina firamare, kika ga balan-balan ɗin da suke saki sama, kika dawo kika ce ke ma aikin da za ki yi ke nan. Ban manta ba. Amma in zancen kallon sama ne, ki tambayi kowa a layin nan. Tawul ɗin mai aski da zannuwan gadon masaukin baƙi, shekara ashirin ni nake wanke su ina shanyawa a kan bene. Sau biyu kacal ruwa ya taɓa dukan shanyata, ɗaya kuma ranar da babanki ya rasu ne.

Gidanta a tsallaken titi yake, tagarta na kallon benena. Samanmu ɗaya. Me ya sa ita, ba ni ba? Ki ba ni amsa, ba irin taki mai layi biyu ba.

Ummanki

*

Daga Auta

Ummata, wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da kyau. Ya gwiwar? Ni lafiya ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni, ta tafi. Ki yafe min shirun.

Bari in gaya miki abin da muke yi. Mun haɗa wata manhaja, wato na'ura ce a cikin kwamfuta, da take faɗa tun yau yadda hazon gobe da safe zai kasance a inda jirgi ke sauka, da kuma nisan da ido zai iya kaiwa. In ta ci jarrabawa, matuƙan jirgi za su riƙa dogara da ita kafin su taso. Ni aka ba wa aikin yi mata jarrabawar, a ƙananan filayen jirgi goma sha biyu, duk daga kan teburina. A kowane gari muna da mutum ɗaya da zai tsaya ƙarfe bakwai ya duba da idonsa, ya cike fom, ya ɗauki hoto don shaidar ya tsaya a kan lokaci. Kwana arba'in za a yi.

A garinmu injin awon filin yana can ƙarshen titin jirgi, shi kuwa farin hazon nan daga kogi yake tasowa ya bi ta kan unguwarmu, daidai inda jirgi ke sassautowa. Shi ya sa nake buƙatar mutum a layinmu. Abu uku Gwaggo take dubawa: tankin ruwa, kilomita ɗaya ke nan, bututun hayaƙin masana'anta, uku, sai doguwar eriyar kan tudu, biyar.

Doka ce sai mai takardar shaidar aikin, Umma, ba ni na kafa ba. Gwaggo ta yi shekara talatin a ofishin yanayi. Ita ce idona a can. Maganar da muke yi kuwa ba ta wuce minti biyar, mutum goma sha biyu nake bi.

Don Allah ki daina hawa bene da koren silifas ɗin nan in raɓa ta sauka, ƙasansa ya cinye.

Autarki

*

Daga Umma

Auta, salama. Na ga saƙonki, sau huɗu na karanta. Allah ya ƙara sauƙin murar, ki riƙa rufe wuyanki. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan.

"Ita ce idona a can." To madalla. Ni kuma mece ce? Ƙafarki? Nan na tsaya na ajiye wayar na je na wanke tawul goma sha biyu kafin zuciyata ta sauka.

Minti biyar kika ce kamar ba komai ba. Minti biyar kullum, ki tara na kwana arba'in ki gani. Ni in na kira sai ki ce "Umma ina cikin taro," shi ya sa na koma rubutu, shi dai ba ya katse ni.

Sannan zancen silifas. Wa ya gaya miki ina da koren silifas? Bayan tafiyarki na saye shi. Wato aikin da kika ba ta biyu ne, ta duba hazo ta duba ni. Tana tsaye a taga kamar alƙali tana kai miki rahotona. Gobe sai ta gaya miki zani nawa gare ni. Ki ce mata in tana da magana a kan takalmina ta tsallako titi ta faɗa min, ba sai ta kai ƙarata wata ƙasa ba. Kuma silifas ɗin lafiyarsa lau.

Bokan naku dai, don ni haka zan kira shi, abin da ke faɗin gobe tun yau ai boka ne, na fahimci aikinsa. Tanki, bututu, eriya. Wannan ne sai da satifiket? Ni da nake ganinsu kullum ta tsakanin zannuwan gado? In na ga eriya na san kafin azahar na kwashe kaya. In bututu ya ɓace, sai la'asar. In tanki ma babu, ranar mai aski zai zo yana min tsaki.

To ki ji. Kalandar da mai kemis ya ba ni, na cire ta daga kicin na rataye a ƙofar bene, na ɗaura biro da zare. Rediyo na cewa ƙarfe bakwai ga labarai, ni kuma ina ɗaga kai. In tanki kawai na gani, sanda ɗaya. Da bututu, biyu. Har eriya, uku. In ba komai sai fari fat, in zana ƙwai. Ba don ke nake yi ba, ba kuma wanda ya sa ni. Don kaina nake yi, in ga abin da masu takarda suke gani da ni ba na gani.

Jiya na ɗago mata hannu daga bene, tana taga da allonta, ko ta kula ni. Girman kai ya ƙaru tunda aka zama idon mutane.

Ummanki, wadda ba ido ba

*

Daga Auta

Umma, ina gaisuwa. Ina fatan jikin da sauƙi. Ni lafiya, sai gajiya.

Wallahi Gwaggo ba ta kai ƙararki ba. Ki bar wannan zancen, in na sami sarari zan yi miki bayani.

Albishir: a duk garuruwa goma sha biyun, a namu bokan ya fi yin daidai. Kin ga har na kama sunan, yanzu duk ofis haka suke ce masa. Cikin safiya talatin, ashirin da tara abin da ya faɗa shi Gwaggo ta gani. Ogana har ya ce a gaishe ta. Nan da mako biyu zan gabatar da rahoto, kuma da sakamakon garinmu zan buɗe. In aka amince, wannan ne babban aiki na farko da zai fita da sunana.

Ranar Talata ba ki hau bene ba. Lafiya dai?

Autarki

*

Daga Umma

Auta, ina yini. Lafiyata ƙalau. Ranar Talata ruwan famfo ne bai zo ba, ki gaya wa mai kai rahoton ta cike wannan ma a fom.

Yau ina da magana, ki zauna.

Ashirin da tara cikin talatin kika ce, har oga na gaisuwa. Na ɗauko kalandata na duba. Safiya ashirin da shida gare ni. A ciki sau takwas ban ga bututu ba, sau uku ƙwai na zana. Na ce to, ko bokan nan ya fi duk bokayen duniya, ko akwai magana.

Sai na tuna abubuwa. Ran nan a shagon tela ta gaida mutum-mutumin da yake rataye riga a kai, har da "ya iyali." Muka yi dariya, ta ce wasa take yi. Hannun da nake ɗaga mata ba ta amsawa. Gilashin da take ta gogewa da bakin mayafi.

Yau da safe hazo ya sauka irin mai jiƙa gashin ido. Na bar wanki a bokiti na tsallaka da sunan na zo aron dutsen guga, bakwai saura biyar. Ta ce, "Amarya, zauna, ina kan aiki." Ban zauna ba, na tsaya a bayanta. Auta, tanki babu shi. Benena ma da ke tsallaken titi da ƙyar nake ganin igiyar. Sai na ga ta ɗaga allon ta kai shi har kan hancinta, ta karanta abin da boka ya faɗa jiya, ta leƙa taga kamar mai dubawa, ta danna. Na ce, "Yaya, me kika gani?" Ta ce, "Bututu. Kilomita uku." Na ce, "Bututun wa?" Ta ce, "Ke me kika sani a ciki?"

Ba mu rufe baki ba sai ga ƙarar jirgin safe a kanmu. Ya zagayo sau ɗaya, sau biyu, sau uku, kofunan kabad ɗinta har rawa suke. Daga nan ƙarar ta yi nisa ta ɓace. Bai sauka ba. Matar tela na cikin jirgin, sai yamma ta iso, ta ce wani gari aka kai su, wata mata ta yi ta amai.

Da kika kira, ina tsaye a bayan labule. Na ji muryarki, "Gwaggo, ina kwana." Ban fito ba. Na ji kina dariya da ita. Rabon da ki yi min irin dariyar nan na manta.

To ga shi na faɗa. Idon naki ba ya gani. Ba dubawa take ba, kwafa take, kamar ɗalibin da ya leƙa takardar na kusa da shi. Boka ya ce uku, ta ce uku. Yaya ba zai ci ashirin da tara ba, shi ke tambaya shi ke amsa? Ni ban yi boko mai nisa ba, ba ni da satifiket, amma na san tanki in na gan shi.

Ba zan ɓoye miki ba, da na sauko daga gidanta har wani sanyi na ji a raina. Dutsen gugar ma na manta ban karɓo ba.

Ummanki

*

Daga Umma

Auta, salama. Lafiya kuwa? Kwana goma sha ɗaya. Wayar ta nuna min kin buɗe saƙon tun ranar.

In fushi kike don na taɓa Gwaggonki, ki faɗa min in sani. Gaskiya na faɗa. To, na yarda da daɗi na faɗe ta, amma gaskiya ce.

Tagarta a rufe take tun washegari. Ƙarfe bakwai ina ɗaga kai, labule kawai. Mai kanti ya ce ba ta zo ba kwana biyu. Na dafa abinci na kai, ta buɗe ƙofa kaɗan ta ce ta ƙoshi. Ko Amaryar ma ba ta ce ba. Ban san zan rasa sunan nan in ji babu daɗi ba.

Abinci ba ya min ɗanɗano. Sai tunani nake, ko ogan naki ya kore ki, ko na ɓata miki abin da kika ce zai fita da sunanki. Da na yi shiru da yanzu an tafa miki. Amma kuma sai in tuna ƙarar jirgin nan yana zagaye a kanmu.

Ina nan ina zana sandunana. Ban san don me ba. Ki yi magana ko zagi ne.

Ummanki

*

Daga Auta

Ummata, ina gaishe ki. Ki yafe min. Ba a kore ni ba, lafiyata lau, kuma ba fushi nake da ke ba. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Ranar da na karanta saƙonki na nemi bayanan saukar jirage na garinmu. Safiya huɗu jirgi ya kasa sauka ko ya yi jinkiri saboda hazo, a duk huɗun fom ɗinmu cewa ya yi ana ganin bututu. Tun farko ya kamata in duba, ban duba ba don sakamakon ya yi min daɗi. Hoton ba ya taimakawa, kyamarar allon ba ta kamo abu mai nisa ko da rana tsaka. Na kira Gwaggo, ta yi ta kuka. Ta ce wata takwas ke nan komai fari take gani, ta ji tsoron in ta faɗa ba wanda zai sake neman ta da wani aiki.

Na shiga wajen oga na gaya masa da bakina. An ɗaga rahoton, an cire sakamakon garinmu gaba ɗaya. Ban ji daɗin ranar ba. Amma da an amince da bokan a haka, wata rana jirgi zai taso da mutane ya zo ya tarar da fari fat, da sa hannuna a ƙasa.

Abu uku nake roƙo. Ki kai Gwaggo asibitin ido, ba ta da kowa sai mu, ina jin yanar ido ce, ana cirewa. Ki ɗauki hoton kalandarki ki turo min, kowane shafi. Na uku, oga ya yarda a ƙara kwana talatin a garinmu in za a yi mutum biyu: ke ki duba, Gwaggo ta cike ta sa hannu, tunda ita ke da takarda.

Don Allah ki lallaɓa ta, Umma. Zuciyarta a karye take.

Autarki

*

Daga Umma

Auta, ina kwana. Lafiya lau, gwiwa ma yau ta yi min mutunci. Da sauri nake rubutun nan, bakwai saura ashirin da biyar, amma sai na faɗa miki.

Da na karanta saƙonki haushi ya kama ni, ba zan yi ƙarya ba. Na ƙirga, sau uku kika ambaci Gwaggo. Ni na tono gaskiya, ita ake lallashi. Ni in duba, ita ta sa hannu! Na ce wato ko a nan ma ni ce mai wanki, ita ce mai guga. Kwana huɗu na riƙe kalandar ban turo ba, da gangan. Kin dai ga ta iso daga baya, matar tela ce ta nuna min yadda ake yi. Inda kika ga ƙwai da ɗigo a ciki, ranar ko tankin gidan maƙwabta ban gani ba. Inda kika ga maiƙo, wannan ba alama ba ce, maiƙo ne.

Asibiti kuwa na kai ta. Ba ta so, na ce, "Yaya, ko ki sa mayafi ko in ɗauke ki a haka." Wajen tsallaka titi sai na ji ta kama hannuna ƙam. Matar da ta yi shekara talatin tana gaya wa jirage su sauka ko kar su sauka. Na riƙe ta muka tsallaka.

Yanar ido ce, kamar yadda kika ce, ido biyun. Shekaranjiya aka yi aikin na dama, na hagu sai wata mai zuwa.

Muna zaune a benci muna jiran a kira ta, na ce bari in fitar da abin da ke cina. Na ce, "Yaya, ni duk na yafe, amma kai rahoton takalmina da kika yi bai dace ba." Ta juyo ta ce, "Amarya, kanki ɗaya? Ni da ba na ganin tankin ruwa, silifas ɗinki zan gani?"

Wallahi ko sau ɗaya wannan bai zo min a kai ba.

Ta laluba jaka ta miƙo min allon ta ce, "Buɗe wajen hotuna, ke mai ido." Na buɗe. Auta. Hoto talatin da uku, na kowace safiya. Sama fari ko shuɗi, ba tanki ba bututu, kamar yadda kika ce. Amma a ƙasa, can lungun hagu, ga bene, ga igiya, ga wata mata ƙarama kamar ƙwayar wake ta ɗaga hannu tana shanya. Ga ni da jan zani. Ga ni na duƙa a bokiti, ba kyan gani. Ga ni na riƙe ƙugu ina harare tagarta. Ga koren silifas, in an ja hoton da yatsa biyu. Na Talatar nan kuma bene wayam.

Gwaggonki ta ce, "Kullum in ta kira, daga ina kwana sai, Gwaggo ɗan matsar da allon hagu. Ƙara kaɗan. Yauwa, tsaya haka. Sai ta tsaya tana kallo, ni ina riƙe har hannuna ya gaji. Na zaci eriya take nema. Sai da na tambayi matar tela me ke hagu da tagata." Ta ce, "Ke kina can kina jin haushina, ni ina nan an mai da ni sandar riƙe kyamara. Minti biyar ɗin, huɗu naki ne." Ta faɗa da ɗaci fa, har da murguɗa baki. Ashe ita ma tana da nata ciwon. Sai dariya ta kama ni, ita ma ta kama ta, muna yi hawaye na zuba, nas ta leƙo ta ce, "Iyaye, nan asibiti ne."

Amma ke ma kina da laifi. Uwarki tana nan da waya a ɗaure a bakin zani, sai kin bi ta tagar mutane za ki gan ta? Me ya hana ki ce, Umma, kewarki nake? Halin babanki sak, shi ma sai dai ya gyara min igiyar shanya ya wuce bai ce komai ba. Kuma a hoton ma dubi inda kika ajiye ni, a lungu, hazo ya cinye wuri duka.

To na yarda da aikin, yau za mu fara. A benena za a yi, na ce mata ni ba zan duba sama ta tagar wani ba. Za ta sha matattakala arba'in da biyu, ta ji abin da gwiwata ke ji. Na kai mata kujera sama tun jiya. Ta ce za ta koya min sunayen gizagizai, na ce ta riƙe abinta, ni tanki, bututu, eriya sun ishe ni. Sannan ki gaya wa oganki, a fom ɗin, ƙarƙashin sa hannunta, a bar min ɗan wuri. Na iya rubuta sunana.

Sai kuma sharaɗi. Jiya ina guga na tuna, in ni ce zan riƙe allon, wa zai fito a hoton? Don haka ita za ta riƙe, ai ta saba. Ni zan duba in faɗa, sannan in koma jikin igiya in tsaya. A tsakiya, ba a lungu ba. Kuma in kin kira ni za ki fara gaisarwa, ta jira. Na sa shuɗin leshin da kika aiko min bara, na ɗaura ɗankwalinsa, mai aski ya gan ni ta taga ya ce ina zuwa da sassafe haka, na ce aiki. Silifas ɗin na jefar, ba don kin faɗa ba, dama ya tsufa.

Na leƙa yanzu, bokanku jiya ya ce har eriya za a gani, ni kuwa bututun ma da ƙyar, rabinsa na sama babu. Ki shirya, yau zai sha ƙasa. Kuma in wannan karon ya faɗi jarrabawar kar ki damu, ki gyara shi, mu muna nan, mu ba inda za mu

Tsaya, ana buga ƙofa. Ita ce, na ji sandarta, tana "Amarya, Amarya, za ki makarar da mu." Da bandeji a ido ma ba za ta bar mutum ya gama magana da 'yarsa ba. Ina zuwa, Yaya! Kar ki taɓa matattakalar nan sai na sauko!